Ranar da aka kama ni da satar kashin shanu

Ni dai har yau in hayaƙin kandilo ya bugi hancina sai na tuna da wata farar shaddata, Allah ya jiƙanta.

Ƙarshen 2023 ne, lokacin da gas ɗin girki ya haura naira dubu kilo ɗaya, gawayi ma ya bi shi kamar sun haɗa baki, na shirya naje ƙauyenmu can gefen Gumel gaida kakata Iya. Ina zama kan tabarma na ɓalle mata da ƙorafin birni, gas kaza, fetur kaza tunda aka cire tallafi, ita kuwa tuƙin tuwonta kawai take ko kallona bata yi ba. Can tace "Maigidan, ai kai ne abin tausayi da kake sayen wuta da kuɗi, ni tawa saniya ce ke ajiye min kyauta." Na leƙa murhun, ashe kandilo ne, busasshen kashin shanu, yana ci a hankali ba wani harshen wuta sai jan garwashi. Nace haba tsohuwa, yanzu da wannan zaki ciyar da mijin naki? Tace "da shi aka dama kunun da ubanka ya sha, gashi har ya girma ya haifo mai baki irinka."

Gaskiya dai wajen namu itace wahala yake, bishiyun ba yawa, karan gero kuma fuu ɗaya ya cinye. Kandilo ne ke riƙe wuta, in ka ɗora wake kana iya zuwa masallaci ka dawo bai mutu ba. Masu ginin tukwane na gasa tukwane da shi, masu zuma na shafe amya da ɗanyensa, da daddare a turara a kori sauro. Duk wannan daga baya na sani fa, a ranar ni dai toshe hanci nake ina cin tuwo, kuma sai da na nemi ƙari.

Washegari yaran gidan sun tafi makarantar allo, Iya ta miƙo min buhu wai tunda na ci tuwon sai na biya kuɗin wuta. Ni kuma na riga na saka farar shadda da sabon takalmi don zan zaga gaida dangi, nace ai minti goma ne, meye a ciki, abu ne a ƙasa ka sunkuya ka ɗauka.

Na farko da na gani bayan gari faffaɗa ne kamar faifai, samansa ya bushe ƙamas. Na sa hannu biyu da ƙarfina zan ɗaga. Jama'a, hunturu munafuki ne, saman kawai ya busar, cikin yana nan yanda saniya ta ajiye shi. Yatsuna goma suka nutse, abin ya dare biyu, rabi ya faɗo kan takalmin, ni kuma cikin ruɗewa na goge hannu a gaban riga kafin ƙwaƙwalwata ta tuna min me nake sanye da shi. Wani yaro Bafulatani da sandarsa a kafaɗa yana tsaye yana kallon duk abin, bai yi dariya ba, wannan ne ma yafi ƙona min rai. Sai ya matso ya ture wani da ƙafa, ya kife, ya ƙwanƙwasa da sanda, yace in ba nauyi kuma ƙasan ma ya yi fari to shi ne, sannan kar in sa hannu sai na ture da ƙafa tukun saboda kunama na son kwana a ƙarƙashi. Yaron da bai fi shekara tara ba fa, ni da digiri.

To na samu ilimi. Na ci gaba ina ture-ture har na faɗa wata gona, Allahu akbar, kandilo ko ina kamar an jera min, duk busassu. Nace kaga mutanen ƙauye da lalaci, arziki a zube ba mai ɗauka. Buhu ya kusa cika ina ta lissafin yanda zan bawa Iya mamaki sai naji daga baya "Kai! Kai mai farar riga!" Wani dattijo ne ya taho da fartanya a kafaɗa yana haki. Na durƙusa nace Baba ina kwana. Yace "kwanan lafiya kake nema kana kwashe min taki?"

Ashe bayan girbi shi ya roƙi Fulani suka sauke shanunsu a gonar suna kwana, har dammunan gero ya basu, don kawai wannan abin da nake durawa a buhu ya zauna masa a ƙasa kafin damina. Wato ni ɓarawo ne, kayan sata kuma kashi. Nace Baba wallahi ban sani ba, yace rashin sani ai baya mayar da taki. Haka na zazzage buhun, kuma bai yarda na tara wuri ɗaya ba, sai da na bi ina rarrabawa yana nuna min da baki, can, a'a matsa gaba, yauwa. Sai da na gama ya ƙare min kallo yace "wai ba jikan Iya bane na Kano? Kai amma ka girma." Yanzu ya gane ni. Ya nuna min burtali yace can na kowa ne, in je in ɗiba.

Azahar ta kusa na shigo gida da rabin buhu, ba gaisuwar dangi ba labarinta. Labari kuwa ya riga ni isowa, ban san ta ina ya bi ba. Iya na ganina ta rangaɗa guɗa wai mijinta ya dawo daga yaƙi. Don in fanshe mutuncina nace ni zan hura wutar, na cusa har da masu ɗan danshi, hayaƙi ya turnuƙe gidan, awaki na atishawa, maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko gobara ce. Iya ta ƙwace mafici tana tari tace "sauron garin nan dai ka kashe su har jikokinsu, saura mu."

Ranar da zan koma ta haɗa min tsaraba, kuka, kuɓewa busassa, daddawa, da wani ƙulli babba a ƙasan buhu da tace kar in buɗe sai na isa. Matata ce ta buɗe da murnarta ta zaci kilishi ne. Har yanzu in gas ya ƙare sai ta kalle ni tace ko in ɗauko maka na Iya, yana nan bayan ɗaki.