Ga Samarinmu na Legas: Kafin Ku Yi Musu a Kan Ƙwallo 37

Assalamu alaikum 'ya'yana da ƙannena, musamman masu taka leda a filayen Agege, Idi Araba da Obalende. Kusan kowane dare idan na rufe shago na bi ta bakin gidan kallon ƙwallon unguwarmu, muhawara ɗaya nake tarar da ku a kanta, wato ƙwallaye 37 da marigayi Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya da kuma yadda Victor Osimhen ya biyo sawunsa. Musun ba laifi ba ne, mu ma mun yi irinsa a kan Segun Odegbami lokacin da gashinmu yake baƙi. Abin da ke damuna shi ne kun haddace adadin kamar karatun allo, amma a cikin goma da wuya a sami ɗaya da zai iya faɗin shekara nawa mutumin ya ɗauka yana tara shi.

A Kaduna aka haifi Yekini a 1963, kuma a ƙungiyar masaƙar UNTL ta garin ya fara wasa, kafin ya koma Shooting Stars ta Badun, sannan Abiola Babes ta Abekuta, daga nan ya haura Africa Sports ta Abijan. Ya fara buga wa Najeriya a 1984, amma bai taka Turai a matsayin ɗan wasa ba sai a 1990, yana da shekara 26, lokacin da ƙungiyar Setubal ta ƙasar Fotugal ta ɗauke shi. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan, ku da idan yaro ya kai shekara 19 bai samu biza ba sai ya ɗauka rayuwarsa ta ƙare. Da ya isa can ma ba shimfiɗa ya tarar ba, domin ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu, kuma bai tattara kayansa ya gudu ba. Ya zauna da ita, ya ci ƙwallo 34 a kakar 1992 zuwa 1993 har ta dawo rukunin farko, a kakar da ta biyo kuma ya ci 21, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar baki ɗaya.

Duk abin da kuke tuna shi da shi ya zo ne a ƙurarren lokaci. A 1993 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan lambar. A 1994 ya ci ƙwallo 5 a gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka yi a Tunisiya, inda muka ɗauko kofin, kuma a watan Yunin wannan shekarar, a birnin Dallas na Amurka, ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, a wasan da muka doke Bulgeriya da ci uku da nema. Hoton nan da kuke yawo da shi a wayoyinku, wanda ya riƙe raga yana kuka, hoton mutum ne mai shekara 30 da ya riga ya shekara goma yana sanya rigar ƙasarsa. Idan kuka raba ƙwallo 37 a kan shekarun da ke tsakanin 1984 da 1998, ba za ku sami ko uku a shekara ba, amma da wannan tafiyar hawainiyar ya kafa tarihin da aka shafe fiye da shekara 25 ba a kamo ba.

Na san wani zai ce zamani ya canja, ga Osimhen nan ɗan Legas da ya yi suna tun yana yaro. Gaskiya ne a Olusosun ya tashi, kusa da babban jujin nan na Ojota da dukanmu muka san warinsa, ya yi tallan fiya wata a cikin cunkoson motoci, kuma ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a ƙasar Chile a 2015. Sai dai ɓangaren da ba ku son faɗa shi ne, da ya je Wolfsburg ta Jamus bai ci mata ko ƙwallo ɗaya ba, sai da aka ba da aronsa ga Charleroi ta Beljiyam, ƙungiyar da yawancinku ba ku taɓa biyan naira ɗaya don kallonta ba, a can ya farfaɗo. Shekara takwas ke tsakanin gasar Chile da 2023, shekarar da ya ci wa Napoli kofin gasar Seriya A ta Italiya da ƙwallo 26, ya kuma zama gwarzon Afirka. Sai a 2025 ya wuce Odegbami mai ƙwallo 23.

Dalilin da ya sa na tsawaita a kan shekaru shi ne abin da gaggawa take jawo muku, wanda nake gani da idona. Ɗan wani maƙwabcina, yaro mai ƙafar hagu da ban taɓa ganin irinta a unguwarmu ba, wani dillali ya yi masa alkawarin gwaji a Turai. Mahaifinsa ya sayar da babur ɗin da suke cin abinci da shi ya biya, daga ranar kuma layin dillalin bai sake shiga ba. Yaron ya daina zuwa atisaye saboda kunya, yanzu a shagon caca nake ganinsa da 'yar takarda a hannu, yana zuba abin da ya samu a kan wanda zai fara cin ƙwallo a daren. Ƙwallon da ya kamata ta zama sana'arsa ta koma ramin da ke cinye kuɗin abincinsa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi kafin ya ga ka buga minti casa'in, aljihunka ya zo dubawa.

Akwai kuma abin da adadi ba ya nunawa. Ku sake kallon ƙwallon Dallas ɗin da kyau, za ku ga Finidi George ne ya shimfiɗo ta daga gefen dama, Yekini tura ta kawai ya yi cikin raga. A littafin tarihi sunan mutum ɗaya aka rubuta, alhali ƙafafu da yawa ne suka kai ta wurin. Na faɗi haka ne saboda a filinmu na asuba kowane yaro lamba tara yake so, idan kociya ya ce ya koma baya sai ya kumbura fuska, idan ya samu ƙwallo kuma ko ɗan'uwansa na tsaye shi kaɗai a gaban gola ba zai ba shi ba. Yekini ya rasu a Badun a watan Mayun 2012 yana da shekara 48, bayan ya daɗe a keɓe daga jama'a, Allah Ya gafarta masa, kuma duk lokacin da na ji kuna ihu da adadinsa nakan so a ce cikinku wani ya tsaya ya yi masa addu'a.

Saboda haka, wanda ke makaranta a cikinku ya riƙe makarantarsa, wanda ke koyon kanikanci ko ɗinki ko yake tsaron shagon ubangidansa a Mile 12 ya riƙe, atisaye kuma a yi shi bayan sallar asuba kafin a fita nema. Ku nemi ƙungiya mai rajista ko da ta ƙaramin rukuni ce, kada ku rage shekarunku a takarda, kuma idan wani ya zo da maganar Turai, ku kawo shi gaban iyayenku da manyan unguwa tukuna, mu tambaye shi wace ƙungiya ce ta aiko shi, da kuma dalilin da ya sa ba ita za ta biya kuɗin jirgin ba.