Ruwan burtsatsenmu garau yake, amma wa ya gwada shi?

A watan jiya Hajiyarmu ta kira ni ta bidiyo don ta nuna mini rijiyar burtsatsen da muka haɗa kuɗi ni da ƙannena aka haƙa a gidanmu a Kano. Ta tari ruwan a kofin silba, ta ɗaga shi saitin waya, ta ce, "Ka ga ikon Allah, garau da shi. Mun huta da jiran 'yan garuwa." Na yi murna har cikin raina, domin na san wahalar ruwan unguwar nan tun ina yaro. Sai dai da muka ajiye waya, abu ɗaya ya hana ni sukuni. Bayan katangar gidanmu gidan mai ne, tankokinsa na binne a ƙasa shekara da shekaru, gaba kaɗan kuma layin makanikai ne da ke tsiyayar da baƙin mai a kwata.

Da ina gida, wannan ba zai taɓa zuwa mini a rai ba. Zaman Karolina ta Arewa a nan Amurka ne ya sa mini wannan tsoron, saboda a jihar nan ne sansanin sojan ruwa na Lejeune yake. Daga 1953 zuwa 1987, sojoji da matansu da 'ya'yansu sun sha ruwan famfo, sun yi wanka da shi, sun dama wa jarirai madara da shi, alhali yana ɗauke da guba. An ƙiyasta mutanen da suka yi amfani da ruwan sun kusa miliyan ɗaya. Gubar ta fito ne daga wurare irin waɗanda muka saba gani: tankokin mai da suka yi yoyo a ƙarƙashin ƙasa, sinadarin TCE da ake wanke maiƙon injuna da shi, da sinadarin wanke tufafi na PCE daga wani shagon wankin kaya da ke wajen sansanin. A 1982 an auna TCE a ruwan wani sashe na sansanin, aka samu maikirogiram 1,400 a lita ɗaya. Iyakar da dokar Amurka ta yarda da ita a yau 5 ce.

Labarin wani tsohon soja, Jerry Ensminger, shi ya fi tsaya mini. 'Yarsa Janey ta rasu da sankarar jini a 1985 tana da shekara 9. Sai a 1997 ya ji a labaran talabijin cewa ruwan da iyalinsa suka sha gurɓatacce ne. Shekara goma sha biyu uba yana tambayar kansa me ya sami 'yarsa. Ya yi ta fafutuka har aka yi doka da sunan yarinyar a 2012 domin kula da lafiyar waɗanda abin ya shafa, aka kuma yi wata a 2022 da ta ba su damar neman diyya a kotu. Cututtukan da gwamnati ta amince tana alaƙanta su da ruwan sun haɗa da sankarar jini, ta ƙoda, ta hanta, ta mafitsara, da ciwon karkarwar jiki na Parkinson.

Mu mun taso da ma'auni uku na ruwa: mu duba da ido, mu sunsuna, in muna shakka mu tafasa. Waɗannan sun yi mana rana a kan laka da ƙwayoyin cutar amai da gudawa da taifot. Amma waɗannan sinadarai, da ake kira masu saurin bin iska, ba sa canza kalar ruwa. Benzin, wanda yake cikin man fetur kuma aka tabbatar yana jawo sankarar jini, sai ya ninka iyakar doka sau ɗari ko fiye kafin harshe ko hanci su fara jin sa. Kusan ɗigo huɗu na benzin a tanka mai cin lita 33,000 sun isa su kai ruwan bakin iyakar. Tafasawa kuwa tana fitar da su daga tukunya ne ta watsa su a iskar kicin, mai girki ta shaƙa. Haka wanka da ruwan zafi a banɗaki rufaffe. Kuma cutar ba ta zuwa washegari kamar kwalara, balle a ce ga inda aka kwaso ta. Sai bayan shekara goma ko ashirin a kwantar da mutum a asibiti, a yi ta jinya, kuma ba mai tuna rijiya.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce mai masana'antu. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan yankin Ogoni a Jihar Ribas. A Nisisioken Ogale ta samu mutane na shan ruwan rijiyoyi da benzin ɗinsa ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya sama da sau 900, tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wannan a ƙasarmu ne. Arewa ba ta da rijiyoyin mai irin na Neja Delta, amma tana da gidajen mai a tsakiyar unguwanni, da 'yan bumburutu da ke ajiye durom-durom a bayan gida, da masu fenti da masu gyaran janareta. Sannan ga wata ɗabi'a da na sha gani da idona: jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir a ɗauraye ta da omo a mayar da ita ta ruwa.

In aka tambaye ni bambancin nan da gida, ba zan ce mutanen nan sun fi mu tsoron Allah ba. Shekaru aka kwashe a Lejeune bayan gwaji ya nuna matsala kafin a rufe rijiyoyin da suka fi muni a 1985. Bambancin shi ne awo. Tun 1974 akwai dokar ruwan sha ta tarayya, kuma duk shekara kamfanin ruwa sai ya ba mu takardar da ke nuna abin da aka auna da nawa aka samu. Wannan takardar ce ke ba talaka abin riƙewa in ya je kotu. Wani abin lura shi ne ko a nan dokar ba ta shafi rijiyar da mutum ya haƙa a gidansa ba, shi zai kai ruwansa gwaji da kuɗinsa. To mu a gida, inda ruwan famfo ya ƙaurace wa unguwanni da yawa, kusan kowa ya zama mai rijiyar kansa. Nauyin da ya kamata hukuma ta ɗauka ya dawo kan magidanci, shi kuma ba wanda ya taɓa gaya masa akwai wani abu da ake aunawa bayan ƙwayoyin cuta.

Shi ya sa nake ganin duk jihar da ke ba da izinin gina gidan mai ya wajaba ta tilasta a riƙa duba tankokinsa, a kuma auna ruwan rijiyoyin maƙwabta ko da sau ɗaya a shekara, da kuɗin mai gidan man. Masu haƙa burtsatse su ma su daina karɓar kuɗi su tafi da zarar ruwa ya feso. Mu da ke waje, da muke aika kuɗin rijiyoyi a gidaje da masallatai don neman lada, mu sa kuɗin gwaji a cikin lissafi tun farko. In an sami matsala akwai magani: matatar gawayi na musamman da aka sarrafa don tace ruwa tana kama benzin da TCE, muddin ana canza gawayin a kan lokaci.

Na yi wa ƙanina bayani a waya. Na ce ya je ɗakin gwajin ruwa ya ambaci benzin da sunansa, domin gwajin yau da kullum ba ya haɗawa da shi. A ɗebi ruwan a ƙaramar kwalbar gilashi, a cika ta fal har ba kumfar iska ko ɗaya, a rufe gam, a sa ta a ƙanƙara har a isa. Hajiya ta ɗan ji ba daɗi, ta ce ina neman ɓata mata farin ciki. Na ba ta haƙuri, na roƙe ta ruwan sha da na girki a ci gaba da saye daga nesa da layinmu har sakamakon ya fito, na burtsatsen a yi wanki da shi a tsakar gida. Ta ce to, ta ji.