Malamin Turanci a jami'a: jan biro ba ya kawo ƙarin girma

Duk sanda wani mai digiri ya rubuta takardar neman aiki da karyayyen Turanci sai ka ji mutane sun fara, wai su malaman Turancin nan me suke yi ne a jami'a? A Kaduna abin ya fi ciwo, don ba mu da uzurin cewa makarantu ne babu, ga ABU a Zariya tun 1962, ga KASU a cikin gari tun 2004, ga Poli ga NDA. Tambayar tana kan hanya, amma ni a ganina ba ofishin lakcara ya kamata a fara kai ta ba. A kai ta wajen masu tsara yadda ake auna aikin lakcaran.

Mutane da yawa sun ɗauka sashen Turanci nasa ɗaliban kawai yake koyarwa, masu karanta adabi da nahawu da ilimin furuci. Ba haka ba ne. Kwas ɗin Turanci na dole da kowane ɗan aji ɗaya yake yi, ko likita zai karanta ko injiniya ko akanta, yawanci malaman wannan sashen ake kwasowa su koyar da shi. Wato duk jami'ar ce take wucewa ta hannunsu a shekarar farko. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, a ƙa'idarta malami ɗaya ga ɗalibi 30 ne a fannin Arts, amma duk wanda ya taɓa leƙa laccar wannan kwas ya san ba zancen 30 ake ba, hol ne cike maƙil, wasu a tsaye wasu a taga, malami na fama da makirfon in an ci sa'a akwai wuta. A irin wannan aji ba mai iya ba da aikin rubutu ya duba, shi ya sa jami'o'i da dama suka mayar da jarabawar kan kwamfuta, zaɓi A ko B ko C. Sai yaro ya ci kwas ɗin da aka ce na koyon rubutu ne ba tare da ya rubuta sakin layi ko ɗaya ba.

Kuma rubutu ba a koyon sa da ji. Sai ka rubuta, wani ya zauna da jan biro ya nuna maka inda jimlarka ta ɓace, ka koma ka sake, ya sake dubawa. Kamar koyon ɗinki ne, sai maigida ya farke abin da ka ɗinka ka sake kafin hannu ya faɗa. Wannan aikin cin lokaci ne da shi, shafi biyar na ɗalibi ɗaya in da gaske za a gyara zai iya cinye rabin awa, to ka lissafa da ɗalibai ɗaruruwa, ka ƙara da furojet na ƴan ajin ƙarshe, da masu mastas da masu dakta da ke zarya a ƙofar ofis suna jiran sufabaiza ya duba babi na biyu, da sikirif na jarabawa, da haɗa rizol, da mitin ɗin dipatmen da na fakalti, ga wanda aka ba shi kula da ƴan aji kaza, ga jami'in jarabawa.

Yanzu sai ka duba me ake ƙirgawa in lokacin furomoshan ya zo. Daga Lakcara II zuwa I, zuwa Siniya, zuwa Rida, har Farfesa, abin da ya fi nauyi a ma'aunin shi ne takardu nawa ka buga a mujallun bincike, konfarans nawa ka je, sai digirin dakta. In an zo matakin Rida da Farfesa ma takardun ake tattarawa a aika wa wasu farfesoshi a waje su auna. Ba wanda zai aika musu da tarin rubutun ɗaliban da ka kwana kana gyarawa. To malami mutum ne, yana da iyali yana da haya, ya ga abokinsa da ba ya duba aikin kowa ya wuce shi da mataki biyu saboda ya tara takardu, me kake tsammani zai yi? Zai rage jan biro ya koma rubuta fefa. Wasu takardun na kirki ne ba musu, amma wasu kam a mujallun da sai ka biya kuɗi a buga maka suke ƙarewa, kuma daga marubucin sai kwamitin furomoshan ke buɗe su.

Za a ce ai jami'a ba sakandare ba ce, bincike ne aikinta, ba a ɗauko mai dakta don ya koyar da inda ake sa waƙafi ba. Akwai gaskiya a nan. Yaron da ya shigo da kiredit a Turancin WAEC ya kamata a ce ya wuce nan. Amma mu a jihar nan mun san daga inda yaran suke fitowa, a 2017 gwamnatin El-Rufai ta ce malaman firamare 21,780 ne suka faɗi gwajin ƴan aji huɗu, ƙungiyar malamai ta NUT ta yi jayayya da yadda aka yi gwajin, ko ma dai wa ke da gaskiya ba mai musun cewa tushen ya yi rauni. Ɗalibin ya riga ya shigo, yana zaune a gabanka, cewa ba aikinka ba ne ba zai gyara masa jimla ba. Sannan ba na wanke kowa, akwai malaman da handawut kawai suka sani, akwai wanda furojet zai yi wata uku a teburinsa bai buɗe ba sai ana gobe difens. Irin waɗannan tsarin ne ya ba su mafaka, tunda da mai gyarawa da marar gyarawa duk ɗaya suke a takardar furomoshan.

Yajin aiki ma ya ƙara dagula lissafi. Na ASUU a 2022 daga 14 ga Fabrairu ya kai har 14 ga Oktoba, da aka dawo sai aka riƙa matse semista don a cike giɓi, kuma in lokaci ya ƙure abin da ake fara yarwa shi ne aikin rubutu, a ba da tes ɗaya a wuce. Yanzu kuma ga ChatGPT ya shigo, ɗalibi zai kawo maka asaimen mai santsi ba kuskure ko ɗaya, in ka ce ya karanta maka layin farko ya yi bayani sai ido ya raina fata. Maganin wannan ba manhajar kama satar rubutu ba ce kawai, sai an zaunar da shi ya rubuta a gabanka, wanda kuma aji ƙarami yake buƙata.

Abin da ya sa nake ganin ba mafarki nake ba, a nan ABU Samaru an taɓa yin sashen da ke ɗaukar aiki da mutane da muhimmanci. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin su Michael Etherton, wani malamin wasan kwaikwayo, malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na ABU sun riƙa fita ƙauyuka suna shirya wasa da manoma a kan matsalolinsu, da Hausa, kuma wannan aikin ne ya sa aka san Zariya a fagen har ƙasashen waje.

Manhajar karatun jami'o'i ta CCMAS da NUC ta fito da ita a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, ga ƙofa nan a buɗe. Majalisun malamai na jami'o'i, wato Sanet, su sa koyarwa da duba aikin ɗalibai cikin makin furomoshan da gaske, ba layi ɗaya a fom ba. A raba kwas ɗin Turanci na dole zuwa ƙananan azuzuwa, a ɗauki ɗaliban mastas da dakta su riƙe su a biya su, su ma suna buƙatar kuɗin kuma nan za su koyi aikin. Fassara mai kyau daga Hausa zuwa Turanci ko akasin haka a ƙirga ta a matsayin aikin ilimi, a Zariya, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, bai kamata sai an roƙa ba. Sauran sassan kuma su daina turo komai wa sashen Turanci, malamin kemistiri da ya karɓi rahoton lab a hargitse ya sa masa maki ya wuce, shi ma da hannunsa a ciki.