Kafin a tsine wa irin Samaru, a tambayi mai goyon famfon feshi

Da damina ta ƙarato sai ka ga saƙonnin muryar nan sun sake farfaɗowa a WhatsApp, wannan ya tura, wancan ya tura: wai kar kowa ya kuskura ya shuka sabon waken nan da masarar nan da aka fitar daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, wai GMO ne, wato irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, yana hana haihuwa, yana kawo kansa, kuma wai gonar da aka shuka shi sau ɗaya shikenan ta mutu har abada. Da a ce dattijon ƙauye ne ke faɗa da na yi masa uzuri. Amma ƴan boko ne masu digiri ke kan gaba, wasunsu ma a nan Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) suka yi karatu, hawa keke napep ɗaya ne tsakaninsu da gonar gwajin da aka yi aikin, amma ba su taɓa taka ƙafa sun je sun tambaya ba. Har Majalisar Wakilai ta bi sahu a watan Mayun 2024 tana neman a dakatar da irin GMO, sai ka ce ba ita da hannunta ta yi dokar da ta kafa hukumar NBMA a 2015 don tantance irin waɗannan abubuwa ba.

To mene ne abin ma tukun? Waken da ake magana shi ne SAMPEA 20-T, wanda aka amince da fitar da shi a watan Disamban 2019, kuma Farfesa Mohammad Ishiyaku na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru ne ya jagoranci aikin a nan gida, aka shafe kusan shekara goma ana gwaji kafin a kai ga manomi. Matsalar da aka sa a gaba duk mai noman wake ya santa, tsutsar nan Maruka mai shiga fure ta huda kwanso, in ta yi tsanani tana iya cinye kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona. Masana sun bincika dubban nau'in wake ba su samu wanda ke iya jure mata da kansa ba. Shi ya sa aka ɗauko ƙwayar halitta guda daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa cikin ƙasa, wadda ake kira Bt a taƙaice, aka sa a cikin wake. Sinadarin da take samarwa yana aiki ne a hanjin tsutsa saboda yanayin cikinta da wuraren da yake mannewa, mutum da akuya ba su da waɗannan wuraren, narkewa yake a cikinmu kamar sauran abinci. Kuma wannan Bt ɗin dai shi ne masu noman da ba sa amfani da maganin zamani a Turai da Amurka suka daɗe suna fesawa a ganyensu. Masarar TELA kuwa, SAMMAZ 72T zuwa 75T, a Janairun 2024 aka fitar da ita, an yi ta ne don tsutsar da ke huda kara da kuma waccan muguwar da ta ɓullo mana a 2016 tana cinye kunnen masara tun tana ƙarama.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci. Masu ihun “guba, guba” ban taɓa jin sun yi saƙon murya ɗaya kan gubar da muke gani da idonmu ba. Ka bi hanyar Giwa ko Soba ko Maƙarfi lokacin da wake ya fara fure ka gani: yaro ɗan shekara goma sha biyar goye da famfo, ba takalmi, ba abin rufe hanci, maganin na ɗiga ta bayan rigarsa, da hannu ya dama shi a bokiti, in bakin famfon ya toshe sai ya sa baki ya hura. Ya gama ya zauna gindin bishiya ya buɗe ƙullin abincinsa bai wanke hannu da sabulu ba, robar maganin kuma a kai gida a ɗauraye a zuba man gyaɗa ko kalanzir. Haka ake yi sau shida, bakwai, har takwas a damina ɗaya. Masu binciken sun ce da sabon waken feshi biyu ya isa, saboda sauran ƙwarin da ke tsotsar kwanso suna nan. Wanda yake da'awar kishin lafiyar talaka ya gaya min, tsakanin feshi takwas da biyu wanne ne ya fi kusa da kansar da yake tsoro? Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen waken Najeriya tun 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, wannan kuwa a wajen ajiya ake zuba shi, mu ne muke cinye shi a ƙosai da alala, ba wanda ya ɗaga murya.

Maganar hana haihuwa kuwa ba ta ma kai a tsaya a kanta ba: mutanen Afirka ta Kudu sun haura shekara ashirin suna tuwo da irin wannan masara, kuma a 2016 kwamitin manyan masana kimiyya na Amurka ya duba bincike sama da 900 bai samu hujjar cewa ta fi ta gargajiya haɗari ga lafiya ba. Na kuma san inda tsoron ya samo asali, ba wanda ya manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 da yaran da suka mutu da waɗanda suka nakasa. Amma mu tuna abin da jita-jitar 2003 kan allurar shan-inna ta jawo mana, ita ma da zancen hana haihuwa aka fara, yara nawa suka shanye kafin a dawo hanya, sai 2020 aka iya cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Sai kuma masu cewa ai iri ne na mallaka, in ka shuka ba za ka iya ajiye iri ba. Wake kansa yake yi wa barbara, manomi zai iya ware nasa ya sake shukawa, an gwada ya tsiro. Masarar TELA iri ce mai aure, haibirid, in ka maimaita ta amfanin zai ragu, kuma haka duk wata haibirid take tun kafin a san wani abu wai shi GMO, manoman Saminaka da Funtua sun fi kowa sanin wannan.

Abin takaicin shi ne hayaniyar banza ta danne tambayoyin gaske, kuma akwai su. Tsutsa tana sabawa da Bt in ba a bi ƙa'ida ba, a Afirka ta Kudun ma ta faru da mai huda kara, shi ya sa ake so a bar wani yanki na gona da irin da ba shi da Bt. Wa ke gaya wa manomin Yakawada wannan? Burkina Faso ta watsar da audugar Bt a 2016 saboda zaren ya gajarce farashi ya faɗi, kuma da awo da lissafi aka gano hakan, ba da saƙon murya ba. Nawa ne kilo ɗaya na irin, kuma ta yaya mutum zai bambance na gaske da jabun da ake rina masara da jan kala a ɗura a leda a sayar ranar kasuwa? Kamfanoni nawa ke da izinin sayarwa? Waɗannan su ne ya kamata ƴan majalisa su kira mutane su titsiye a kai, wallahi da sun yi haka da ni zan fara tafa musu.

Su ma malaman Samaru ba zan wanke su tas ba, don sun manta darasin gidansu. Cibiyar nan tun 1922 take, kuma a cikinta ne, a shekarun 1960, masanin tattalin arziki David Norman da abokan aikinsa suka yi abin da ya sauya tunanin masu binciken noma a duniya. A lokacin turawa da malaman gona sun dage cewa manomin Hausa jahilci ne ke sa shi haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Sai suka je Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi suka zauna da manoma, suna rubuta awa nawa aka yi a noma, nawa aka kashe, nawa aka girbe, a ƙarshe lissafi ya nuna manomin ne ke da gaskiya, haɗin nan ya fi ba shi riba a kan wahalarsa lokacin da aiki ya cushe, kuma in ruwa ya ɗauke ba zai tashi a tutar babu ba. Wannan binciken zamantakewa ne, kuma shi ne yau aka mayar saniyar ware. A ƙirƙiro iri mai kyau, a yi taro a otal a Abuja da Turanci, a ɗauki hoto, a watse. Ba wanda ya je ya tambayi matar da ke soya ƙosai ko waken yana tashi in an buga, ko mai kiwo yana samun harawa da yawa, ko dillalin Dawanau zai saya da daraja. In mai ilmi ya yi shiru da Hausa, dole mai waya da baki ya cike gurbin.

Ga cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS nan a cikin jami'a, aikinta kenan kai bincike ga manomi, ga gidajen rediyo a Zariya da Kaduna da manoma ke kunnawa tun asuba. A ba su kuɗin aiki. Farfesoshin su sauko su zauna a shirin kira kai tsaye su amsa ko wace irin tambaya, har da ta rainin hankali, ba tare da fushi ba. A yi gonakin gwaji a bakin titi a kowace gunduma, sabon iri a dama, tsoho a hagu, a kira limamai da sarakunan noma ranar girbi a auna a gabansu da tiya. Wanda kuma ya ce yana da hujjar cewa waken nan ya hana wani haihuwa, ya kawo ta Asibitin Koyarwa na Shika a duba, ƙofa a buɗe take.