Na Cire Mai Lafiya, Na Bar Matacce

Kilim ɗin (na'urar sanyaya iska) ɗakin sarbarmu, babbar kwamfutar da ke riƙe fayilolin ofis, ya yi kwana uku a mace, ga watan Afrilu, zafin Maraɗi kuma kun san shi. Ranar Litinin da safe diski ɗaya ya bi sahunsa.

Diski huɗu ne a ciki, kowanne tera 2, a tsarin RAID 5, wanda ke haɗa su su yi aiki kamar diski ɗaya. Tera 6 ke ɗaukar kaya, sauran lissafi ne a warwatse kan dukkansu, da shi ake sake gina abin da ya ɓace. In ɗaya ya mutu aiki na tafiya. In biyu ne, kasuwa ta watse.

Na duba /proc/mdstat, fayil ɗin da ke nuna halin diskokin, ya nuna UU_U, wato uku na raye, wanda injin ke kira sdc ya faɗi. Sai na ƙirga da yatsa kamar ɗan firamare: a, b, c, aljihun diski na uku ke nan. Na zaro shi ina fito. Ashe wanda ya haɗa injin ya sarƙe wayoyin, sdc na aljihu na biyu. Lafiyayye na cire, gawar na kwance abinta.

Ko minti ba a yi ba akawu ya leƙo.

"Malam, fayil ɗin albashi ya ƙi buɗewa."

"Rezo ne," na ce, gumi na bin ƙeyata.

Abin da ya cece ni, ban taɓa umarnin create na ƙirƙirar sabon RAID ba, don shi sabon lissafi yake shimfiɗawa a kan tsohon. Na maida diskin, na tsayar da md0, wato haɗakar diskokin, na bi kowanne da umarnin bincike na mdadm examine ina duba lambar Events, wadda ke nuna inda kowane diski ya tsaya. Wanda na zaro 'yan lambobi kaɗan aka bar shi a baya, mataccen kuwa an yi masa nisa ƙwarai. Sai na haɗa lafiyayyun uku da assemble force, umarnin haɗa su da ƙarfi, na duba lafiyar fayiloli da fsck ba tare da barinsa ya rubuta komai ba. Ya tashi. Ban ƙara motsi ba sai da na kwafe komai a diskin waje, saboda sake gini na karanta kowane lungu na ukun nan, kuma rana ɗaya aka sayo su, tsufansu ɗaya.

Sannan na yi abin da ya kamata tun farko: umarnin smartctl ya ba ni lambar jikin kowane diski mai rai, wadda ba ta fito ba ita ce ta mamacin. Na manna takarda a kowane aljihu.

Sabon ya iso daga Kano ran Laraba. Na gwada yawan sektocinsa, wato ƙananan gurabun ajiyarsa, don in ya gaza tsohon ko da ɗaya ne ba zai shiga ba. Na kwafa masa tsarin rabo da sfdisk, na saka shi. A gudun mega 100 a daƙiƙa, sake gina tera 2 na cin awa biyar da rabi. Ana awa ta huɗu aka ɗauke wuta. Ondular, batirin da ke riƙe injin in wuta ta ɗauke, minti goma take riƙewa, gurup, wato janareta, kuma ba ɗigon mai. Wanda ya ga ƙato a bayan kabu-kabu rungume da jarka yana "Don Allah taka!", ni ne.

Albashi ya fita ran Alhamis. Akawu dai tun ranar Likita yake ce mini, in na shigo kuma sai ya dafe kumatu, wai kar in cire masa haƙori mai lafiya.