Allurar kansar furostet: a riƙa faɗa wa dattawa gaskiya tun farko

Da aka sanar a watan Mayun 2025 cewa tsohon shugaban Amurka Joe Biden na da kansar furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, har ta kai ƙashi, an ce irin mai jin magani ce, wato in an datse mata sinadarin maza, testosteron, sai ta lafa. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1941 wani likita a Shikago, Charles Huggins, ya gano da sinadarin nan ciwon ke ƙiba, har ya samu kyautar Nobel a 1966.

Yanzu allura ake yi don datse sinadarin, irin su Zoladex, a fatar ciki, wata-wata ko duk wata uku. Tana aiki kam, na gani a kan kawuna, mutumin da sai an ɗaga shi saboda ciwon baya, fitsari ma sai da roba, amma ba a daɗe ba ya koma jam'i da ƙafarsa. Sai dai jiki na ji: zufa ta keto masa tsakar dare ko da hunturu, sha'awa ta tafi, tumbi ya fito, ƙashi ya yi rauni. Kuma ba warkewa ba ce, lallaɓawa ce, wata rana ciwon zai daina ji sai an ƙara da magani irin su abiraterone mai ɗan karen tsada.

Inda nake da ja shi ne, allurar nan ba a wasa da lokacinta, mu kuwa da karo-karo muka sayi ta farko da ta biyu, ta uku aljihu ya yi shiru kawu kuma ya ce ai ya samu sauƙi a bari sai bayan girbi, kafin girbin ciwon bayan ya dawo. Sai a lokacin wani likita ya ce mana, Baba ai akwai ƙaramin aiki na cire 'ya'yan maraina, sau ɗaya ne, kuma abin da allurar ke yi shi yake yi.

Me ya hana a faɗa tun ranar farko? Kunya, na sani, namiji na jin maganar sai ya tuna dandaƙa ya miƙe. Kuma gaskiya aikin ba ya komawa baya, ita allura ana iya dakatarwa. Amma manomin da ba shi da inshora ya kamata a ajiye masa duka biyun da kuɗinsu ya zaɓa da kansa.

Kawu dai ya yi shiru ya fi minti biyar yana murza hularsa, sannan ya ce a sa ranar.