Kawu, ga amsata kan asalin korona

Daren jiya mun sake tono tsohuwar gardama a majalisarmu ta bayan isha'i, har mai shayi ya wanke kofunansa ya kashe wuta ya bar mu a kan benci. Kawuna ne ya taso da ita, ƙanin mahaifiyata, mutumin da rediyo ba ta barin kunnensa. Wai shi a wajensa magana ta ƙare tun watan Janairun 2025, lokacin da hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta ce ta fi karkata ga cewa korona daga ɗakin gwaje-gwaje ta kuɓuce. Na ce, "Kawu, ai su da bakinsu suka ce tabbacin nasu mai rauni ne." Ya harare ni ya ce, "Kai yaro, ruwa ba ya tsami banza. In mahukuntan Sin ba su da abin ɓoyewa, me ya sa suka hana a shiga a duba?"

Na ja bakina na yi shiru, don ba a ja-in-ja da kawu a gaban mutane. Amma tunda jikokinsa sun buɗe masa Facebook, ga amsar nan. A yi mini afuwa, Kawu.

Ɓoye-ɓoyen da gwamnatin Sin ta yi a idon duniya ta yi shi, ba ni da ja a kansa ko kaɗan. Inda muka rabu shi ne lissafin nan na cewa tunda sun ɓoye, to lallai ɗakin gwaji ne. Yaron da ya fasa tulu da yaron da ya saci nama duk bayan ɗaki suke laɓewa. Laɓewar ba za ta gaya maka wanne ya aikata ba.

Ranar 30 ga Disamba 2019 wani likitan ido a birnin Wuhan na ƙasar Sin mai suna Li Wenliang ya tura saƙo a zauren WeChat na abokan karatunsa, ya ce an kwantar da mutum bakwai masu ciwo irin SARS, wato cutar huhun da wata korona ta haddasa a 2002, dukkansu suna da alaƙa da kasuwar Huanan da ke birnin, kowa ya kula da iyalinsa. Gargaɗi ne tsakanin abokai, irin wanda kowannenmu yake yi kullum. Ranar 3 ga Janairu 'yan sanda suka kira shi, suka ajiye masa takarda cewa yana baza ji-ta-ji-ta. Hoton takardar yana nan yana yawo. An tambaye shi a rubuce ko zai iya dainawa, ya rubuta "zan iya". An tambaye shi ko ya gane hukunci na jiransa in ya ci gaba, ya rubuta "na gane". Sannan ya dangwala yatsa da jan tawada. Ya koma bakin aiki, ya kwashi cutar a asibiti, ya mutu ranar 7 ga Fabrairu 2020, ya bar matarsa da juna biyu. Da jama'a suka yi ca, sai aka janye takardar aka kira shi gwarzo. Ihu bayan hari.

Wani masani a Shanghai, Zhang Yongzhen, ya gama zana tsarin halittar ƙwayar cutar tun 5 ga Janairu. Da wannan zanen ake haɗa kayan gwaji, da shi ake fara aikin rigakafi. Ya jira a ba da izinin fitarwa, shiru. Ranar 11 ga wata ya amince abokin aikinsa da ke Ostireliya, Edward Holmes, ya sake shi a intanet. Washegari aka rufe masa ɗakin bincike, wai za a yi gyara. A farkon watan nan ne kuma hukumar lafiya ta ƙasar ta umarci duk ɗakin gwajin da ba shi da izini ya miƙa samfuran da ke hannunsa ko ya lalata su. Su da kansu suka amsa haka a watan Mayu 2020, suka ce don kariya aka yi.

Sai shirun nan na kusan mako biyu. Manyan Wuhan da na lardin Hubei suna taron majalisunsu na shekara, sai alƙaluman masu kamuwa suka tsaya cak, kamar cutar ma ta san girman taron. Ma'aikatan asibiti na kwanciya, ana ta cewa babu hujja bayyananniya cewa mutum na shafa wa mutum, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta maimaita maganar ranar 14 ga Janairu, kwana ɗaya bayan Tailan ta ga cutar a ƙasarta. Ranar 18 aka bar wata unguwa a Wuhan ta yi walimar sabuwar shekara, iyalai wajen 40,000 kowa da kwanonsa. Sai ranar 20 dattijon likita Zhong Nanshan ya fito a talabijin ya ce eh, ana ɗauka. Ranar 23 aka kulle birni mai mutum miliyan 11, alhali a bakin magajin garin kansa mutum miliyan 5 sun riga sun fice.

Duk wannan na yarda da shi, Kawu. Saura mu duba abin da ake ɓoyewar.

Masu cewa ɗakin gwaji ba mahaukata ba ne, kuma na ji haushin yadda aka mayar da su mahaukata a 2020. Cibiyar nazarin ƙwayoyin cuta ta Wuhan na cikin wuraren da suka fi tara korona ta jemagu a duniya. Masaniyar cibiyar mai suna Shi Zhengli da mutanenta sun yi shekaru suna shiga kogon duwatsun Yunnan, fiye da kilomita 1,000 daga Wuhan, suna kwaso kashin jemage. A cikin tarin nasu akwai ƙwayar RaTG13, mai kama da ta annobar da kashi 96 cikin ɗari, an samo ta a wani ramin ma'adinai a Mojiang inda mutum shida suka kamu da ciwon huhu a 2012, uku suka mutu. Rumbun bayanan cibiyar ya sauka daga intanet a Satumban 2019, suka ce masu kutse suke gudu. Kuɓucewar cuta daga ɗakin gwaji kuwa an sha gani: SARS ta farko ta kama ma'aikatan bincike a Singafo da Taiwan a 2003, ta sake yi a Bejin a 2004. Wanda ya haɗa waɗannan ya ɗaga gira, bai yi laifi ba.

Sai dai kashi 96 ɗin nan yana ruɗar mutane. A lissafin ƙwayoyin cuta, ragowar kashi 4 tazarar shekaru gommai ce. Daga baya ma an samu wadda ta fi ta kusa a jikin jemagun ƙasar Laos, a dawa. Kuma har yau babu wanda ya kawo shaidar cewa cibiyar tana riƙe da uwar wannan ƙwayar kafin annoba ta ɓarke.

Ni zuciyata ta fi kwanciya da kasuwa. Binciken da Michael Worobey da abokansa suka buga a mujallar Science a 2022 ya nuna gidajen waɗanda suka fara kamuwa a Disamba sun yi wa kasuwar Huanan zobe, har da na waɗanda ba su da wata hulɗa da ita, alhali cibiyar tana can ɗaya tsallaken kogin Yangtze. Samfuran da aka gogo daga keji da amalanke da magudanar ruwa sun fi nuna cutar a ɓangaren yamma, inda ake sayar da namun daji da ransu. A 2023 wata masaniya 'yar Faransa, Florence Débarre, ta yi kiciɓis da bayanan waɗannan samfuran a wani rumbu da masana Sin suka ɗora, aka ga cikinsu akwai burbushin halittar wata dabba mai kama da yanyawa, wadda aka san tana iya ɗaukar korona. Ana fara tambaya, bayanan suka sauka, sai dai an riga an kwafa. Masu ja suna cewa ai tun farko kusa da kasuwar aka fi neman marasa lafiya, dole taswira ta nuna can, kuma babu dabba ko ɗaya da aka kama da cutar a jikinta. Maganarsu ta biyu gaskiya ce tsagwaronta.

To me ya hana a kama dabbar? Ranar 1 ga Janairu aka rufe kasuwar, aka kwashe kaya, aka wanke ta da magani. Nan ne lissafin Kawu ya karye, domin Sin kasuwar ma ɓoye ta ta yi. Tawagar Hukumar Lafiya ta Duniya da ta je a farkon 2021 ta dawo da labarin cewa babu tabbacin ana sayar da dabbobi masu shayarwa da ransu a wurin. Watanni kaɗan bayan haka wasu masu bincike suka fitar da ƙidayar da suka daɗe suna yi: namun daji fiye da 47,000, iri 38, aka sayar a kasuwannin Wuhan daga 2017 zuwa Nuwamban 2019. Holmes ɗin nan ma yana da hotunan dabbobi cikin keji da ya ɗauka a Huanan tun 2014.

Da cibiyar kaɗai suke karewa, ai da sun rungumi kasuwa hannu biyu-biyu sun ce ga mai laifi. Ba su yi ba, kuma dalilin a fili yake. SARS ta 2002 ta irin wannan cinikin ta ɓullo, ta jikin muzurun juda a lardin Guangdong, suka danne labarin sai da likitan soja Jiang Yanyong ya fasa ƙwai a 2003. A ce bayan shekara 17 an sake faɗawa rami ɗaya? Abin kunya ne da bai gaza na ɗakin gwaji ba. Labarin da Bejin take so shi ne a ce daga waje aka kawo mata. Shi ya sa kakakin ma'aikatar harkokin wajenta, Zhao Lijian, ya ce a Maris 2020 wataƙila sojojin Amurka ne suka kai cutar Wuhan, daga baya aka koma kan daskararren kifi da nama na ƙetare. Ostireliya da ta nemi a yi bincike mai zaman kansa, sha'irinta da giyarta suka sha haraji.

Kuma kada wani ya zo ya wanke mini Amurka. Kuɗin hukumar binciken lafiyarta sun shiga cibiyar Wuhan ta hannun ƙungiyar EcoHealth Alliance ta Peter Daszak. Shi ne ya tattara masana 27 suka sa hannu a wasiƙar mujallar Lancet a Fabrairun 2020, wadda ta kira maganar cewa ƙwayar ƙirar mutum ce ƙulle-ƙulle, bai kuma bayyana alaƙarsa da cibiyar ba. Shi ɗin dai aka sa a tawagar da ta je bincike ta dawo ta ce kuɓucewa abu ne mai matuƙar wuya. Ko waliyyi ne, ba a sa mutum alƙalancin shari'ar da yake ciki. Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros, sai da ya fito ya ce binciken bai yi zurfi ba. Akwai kuma takardar neman tallafi da ƙungiyar ta kai wa sashen bincike na ma'aikatar tsaron Amurka a 2018, mai maganar yi wa korona ta jemage kwaskwarima. An hana kuɗin, amma babu wanda ya ɗaga ta sai da aka fallasa a 2021. Facebook ɗin nan da muke kai ya riƙa goge rubutun masu cewa ƙirar mutum ce daga Fabrairun 2021, a watan Mayu ya lashe amansa. Su kuwa hukumomin leƙen asirin kansu a rabe yake: FBI da ma'aikatar makamashi da CIA sun karkata ga ɗakin gwaji, wasu sun karkata ga dabba, akasarinsu da tabbaci mai rauni. Abin da suka haɗu a kai shi ne ba makamin yaƙi ba ne. Wannan ɗin ba ka faɗa a majalisa ba, Kawu.

Mu ma ai mun ga irinsa a gida. Afrilun 2020, ana zafin bazara, azumi na shigowa, jana'iza uku na je cikin mako guda a Kano, duk dattawa. A ta ukun na tsaya kusa da mai haƙan kabari yana hutawa a gindin darbejiya. Na yi masa sannu da aiki, ya buɗe mini tafin hannunsa duk ya yi bororo, ya ce, "Malam, ni ban san sunan ciwon ba, amma hannuna ya san an samu canji." A lokacin abin da ake faɗa shi ne hawan jini, ciwon suga, zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau. Sai a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama sanadin korona. Wane ɗakin gwaji ake karewa a Kano? Babu. Mai mulki ne kawai ba ya son mummunan labari ya fita a zamaninsa, ko a Wuhan yake ko a nan.

Amma don adalci, bari in ba Kawu makamin da bai ɗauko ba. A 1979 cutar antiraks ta kashe mutum fiye da 60 a birnin Sverdlovsk. Tarayyar Sobiyet ta ce gurɓataccen nama ne, har wasu masana na Yamma suka gaskata. Sai a 1992 shugaban Rasha Boris Yeltsin ya amsa cewa aikin soja ne sanadi. Shekara 13, kuma sai da daular ta rushe. Saboda irin wannan ne ba na rantsuwa a kan kasuwa, rinjaye kawai nake ba ta.

A watan Yunin 2025 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce hujjar da ke hannu ta fi nauyi a ɓangaren dabbobi, amma ba zai rufe ɗaya ƙofar ba, don Sin ba ta miƙa abin da aka roƙa ba: bayanan ƙwayoyin marasa lafiyar farko, cikakken bayanin dabbobin da aka sayar a kasuwannin, da bayanin ayyukan ɗakunan gwajin Wuhan. Ranar da aka buɗe waɗannan takardun aka ga uwar ƙwayar tana cikin firjin cibiyar tun kafin Disamban 2019, zan dawo shafin nan in rubuta cewa Kawu ya yi gaskiya, kuma shayin majalisa na mako guda a wuyana, har da ƙwai da burodi. Kawu, ka sa jikanka ya ɗauki hoton wannan sakin layin ya ajiye maka.